Ƙurajen Fuska da Hannun da Ya Kasa Haƙuri

 Sharhinmu na yau a kan fuska zai tsaya, wato ƙurajen nan da ke feso wa yaro ko yarinya da zarar girma ya fara zuwa, waɗanda iyayenmu ke kira ƙurajen balaga.

Na san wani zai ce, ana fama da zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da tsadar magani, me ya kai gidan rediyo batun ƙurji? To, duk mai 'ya 'yar shekara 15 ko 16 a gida ya san amsar. Yarinyar da a da ita ce kan gaba wajen ɗaga hannu a aji, yanzu ta koma bencin baya, ta jawo hijabi har ya rufe rabin kumatu. Saurayin da aka kira a ɗauki hoton biki ya ce a ba shi wayar, shi zai ɗauka. Ciwo ne da ba ya kwantar da mutum, amma yana cin rai, ga shi a fili, babu inda za a ɓoye shi. Masu shi kuma ba kaɗan ba ne. Lissafin cututtukan duniya na shekarar 2010 ya sa ƙurajen fuska a matsayi na 8 cikin cututtukan da suka fi yawa a bayan ƙasa, mutum 9 da ɗoriya a cikin kowane 100. Likitocin fata a Amurka na ƙiyasin cewa kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sai sun taɓa yin su, ko da kaɗan ne.

Amma me muke gaya musu a gida? "Ƙazanta ce, ba kya wanke fuska." "Gyaɗa ta yi maka yawa." "Dattin ciki ne, a nemo masa maganin wanki." Wani kawu kuma ya yi dariya ya ce, "Ku ƙyale shi, aure yake so." Kowace cikin maganganun nan akwai inda take tura yaro. Ko ya dirje fuska da soso har ta yi ja, ko ya sha jiƙon da zai sa shi kwana yana zaga bayan gida, ko ya shige ɗaki da kunyar laifin da bai yi ba. Ni abin da na yi imani da shi, kuma shi ya kawo ni gaban makirfon yau, shi ne mafi yawan ɓarnar da muke gani a fuskokin 'ya'yanmu ba ƙurjin ne ya yi ta ba. Abin da aka yi wa ƙurjin ne.

Bari mu leƙa ƙarƙashin fata tukuna. A jikin mutum, in ka cire tafin hannu da tafin ƙafa, ko'ina akwai ƙananan ramuka da gashi ke fitowa, wani gashin ma ido ba ya ganinsa. A gefen kowane rami akwai wata 'yar jaka mai haɗa maiƙo, tana turo shi waje domin fata ta yi laushi, kada ta tsattsage. Jakunkunan nan sun fi yawa kuma sun fi girma a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa nan ne ƙurajen ke zama. Idan balaga ta zo, jiki na ƙara fitar da wasu sinadarai da ake kira androjin, a jikin namiji da na mace duka, su kuwa sai su sa jakar ta ƙara girma, maiƙo ya ninka. A lokaci guda matacciyar fatar da ke saɓulewa a cikin ramin, maimakon ta fice, sai ta manne da maiƙon ta toshe bakinsa. Kamar lambatun unguwa ne da damina: ruwa ya ƙaru, leda ta tare hanya. Idan bakin ramin a rufe yake, sai a ga ɗan farin kai. Idan a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ya toshe shi, sai ya yi baƙi. Ku lura, wannan baƙin ɗigon da ake gani a kan hanci ba datti ba ne, iska ce ta rinar da shi. Can cikin ramin kuwa akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙurji da marar ƙurji. Da ta sami wuri a rufe ga maiƙo, sai ta hayayyafa, garkuwar jiki ta taso mata, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara ruwa. Ba ciwo ne da ake ɗauka daga wani ba, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe a nan: wannan toshewa a hankali take haɗuwa, makonni take yi kafin ta nuna kanta. Ƙurjin da kika tashi da shi yau da safe, ƙanwata, ba ƙuli-ƙulin da kika ci jiya da daddare ne ya kawo shi ba. Haka kuma duk maganin da kika fara yau, ba ƙurjin yau yake yi wa aiki ba, na wata mai zuwa yake tarewa. Shi ya sa likitocin fata ke cewa a ba kowane magani mako 6 zuwa 8 kafin a yanke masa hukunci, wani ma sai mako 12. Mu kuwa kwana uku muke ba shi.

Me ya sa wani ke fama, abokinsa da suke ci a kwano ɗaya fuskarsa sumul? Babban dalili gado ne. A shekarar 2002 an wallafa wani bincike a Ingila da aka yi a kan tagwaye sama da mutum 3,000, aka gano kusan kashi 81 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan ciwo daga jini yake. Baba, idan kai ma ka yi su a zamanin samartakarka, to, ka san inda ɗanka ya samo. Batun aure kuma, babu ruwan ƙurji da sha'awa ko halin yaro. Abin da ke sa a ga kamar aure na warkarwa shi ne, shekarun da aka fi yin aure su ne shekarun da ƙurajen ke lafawa don kansu a wajen mutane da yawa. Akwai matan aure masu 'ya'ya huɗu da har yanzu suke fito musu a haɓa da muƙamuƙi, musamman kwanaki kaɗan kafin al'ada, wasu kuma da juna biyu ya shiga. Idan mace na fama da ƙuraje masu naci, ga al'ada ba ta zuwa a kan lokaci, ga gashi na tsiro mata a haɓa, wannan ba aikin sabulu ba ne. Yana iya zama alamar wata matsalar sinadaran jiki da ke shafar ƙwan haihuwa, kuma likitan mata ne zai duba.

Sai abin da mu da kanmu muke ɗora wa fatar. Da hunturu ya kama, sai a lakato basilin ko man gashi mai kauri a mulke kai, hannun da ya rage a shafe fuska da shi. Tun 1970 likitoci a Amurka suka bayyana wani nau'in ƙuraje da ke jeruwa a goshi da gefen kunne na baƙaƙen fata masu yawan shafa man gashi. Duba goshin samarinmu daidai inda bakin hula ke zama, ko na 'yan mata daidai inda hijabi ke matsewa, ga zufa ga guga, za ka ga layinsu. A 2020, da aka tilasta sa takunkumi saboda korona, mutane da yawa da suka manta da ƙurji sun sake ganinsa a kewayen baki. Maganin wannan ba a daina sa hula ko hijabi ba ne. A riƙa wanke su akai-akai, a zaɓi yadi mai shan iska, a sassauta matsewar. Haka rigar filo, haka soson hoda da ake yin wata shida ba a wanke ba, ana kuma ara wa ƙawa. Kwana da kwalliya a fuska kuwa, in da hali kada a yi shi ko sau ɗaya. Damuwa ma na da hannu: a 2003 an bi ɗalibai 22 a Jami'ar Stanford, aka ga ƙurajensu sun ƙaru a lokacin jarrabawa. Duk uwar da ɗanta ya zauna WAEC ko JAMB ta ga irin haka.

Akwai kuma magunguna. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke saya a ɓoye, irin su sha-ka-fashe, da yawansu akwai sitiroyid a ciki, kuma ƙuraje na daga cikin ƙananan illolinsa, manyan su ne hawan jini da ciwon sukari da lalacewar ƙashi. Wasu hanyoyin tazarar haihuwa, kamar allura da ashanar hannu, kan tayar wa wasu mata da ƙuraje. Wadda ta ga haka ta koma wurin ma'aikaciyar lafiyar da ta sa mata su yi shawara, kada ta yanke hukunci ita kaɗai.

Yanzu batun abinci, wanda na san shi ake jira. Gyaɗar da muka ɗora wa laifi shekara da shekaru, binciken likitoci bai kama ta da hujja mai ƙarfi ba. Inda yatsa ya fi nunawa shi ne sukari da abincin da ke saurin narkewa ya koma sukari a jini. Irin wannan abinci na sa jiki ya kwararo insulin, shi kuma ya zuga jakunkunan maiƙon nan. A 2002 aka wallafa rahoton wasu masana da suka duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Papuwa Niyu Gini, 300 daga cikinsu matasa ne 'yan shekara 15 zuwa 25, ba su sami ko mutum ɗaya mai ƙurajen fuska ba. Abincinsu doya da dankali da kifi da kwakwa da 'ya'yan itace. A 2007 kuma a birnin Melbon na Ostareliya aka raba samari 43 gida biyu, aka ɗora rabi a kan abincin da ba ya saurin tayar da sukarin jini har mako 12, ƙurajensu suka ragu fiye da na sauran. To, tsaya a teburin mai shayi da safe ka ga karin kumallon saurayinmu: kofi cike da madarar gwangwani, sukari cokali huɗu, rabin burodi, ga indomi a gefe. Da rana farar shinkafa da lemon kwalba mai sanyi. Ban ce wannan ne kaɗai ya kawo ƙurajen ba, amma in ana neman gyara ta hanyar da ba sai an sayi magani ba, nan ya fi cancanta a fara. A rage lemon kwalba da kayan zaƙi. A dawo da wake, da kwaɗon zogale da rama, da dambu mai ganye, da hatsin da ba a surfe shi har ya rasa komai ba. Wake da nama da riɗi da agushi, har da ita gyaɗar, suna ɗauke da sinadarin zinki da fata ke bukata wajen warkewa.

Madara ma an taɓo ta, kuma wanda ya jagoranci binciken da aka fi ambata ɗan Najeriya ne, Dakta Clement Adebamowo, lokacin yana Jami'ar Harvard. A 2005 shi da abokan aikinsa suka duba bayanan mata sama da 47,000, suka ga waɗanda suka fi shan madara a ƙuruciya, musamman wadda aka cire wa mai, sun fi yin ƙuraje masu tsanani. Alaƙa aka gani, ba a tabbatar cewa madarar ce ta haddasa ba. Don haka ni ba zan ce a hana yaro mai tasowa nono ko kindirmo ba, jikinsa na bukata. Wanda ya lura madara na tayar masa, ya rage na wata biyu ya ga abin da zai faru. Samarin da ke ɗaga ƙarfe suna shan garin gina jiki da ake haɗawa daga ruwan madara, su ma su sa ido.

Mu koma kan hannu. Dare ya yi, yarinya ta kunna fitilar waya ta jingina ta da madubi, ta sa farce biyu ta matse. Ɗan abin da ya fito waje shi take gani. Abin da ba ta gani shi ne bangon ramin ya fashe ta ciki, sauran ruwan ya bazu cikin nama, ƙurjin da zai yi kwana biyar ya baje ya koma na mako uku. Mu baƙaƙen fata kuma akwai abin da ya keɓance mu: duk inda fatarmu ta ji rauni ko ta kumbura, sai ta tara launi a wurin, ta bar baƙin tabo. Ƙurji na tafiya cikin kwanaki, tabon kan yi watanni, wani har shekara ya wuce. Wasunmu ma fatarsu kan yi tudu mai tauri a inda ta warke, musamman a ƙirji da muƙamuƙi, kuma shi wannan ba ya tafiya da kansa. Idan kun fahimci wannan, kun sami ma'aunin da za ku auna duk wani haɗi da aka kawo muku: in yana sa fuska zafi ko raɗaɗi ko saɓa, tabo yake shirya muku, komai kyan sunansa.

Ɗauki lemon tsami, wanda shi ne na farko a bakin masu ba da shawara a waya. Tsaminsa ya fi ƙarfin abin da fata ke jurewa nesa ba kusa ba, kuma a ɓawonsa da ruwansa akwai sinadarin da in rana ta same shi a kan fata yana ƙona ta, ya bar baƙin shaci. A ƙasar da rana ke dukanmu tun safe, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Man goge baki an yi shi ne don haƙori, abu mafi tauri a jiki. Tafarnuwa ɗanya in aka ɗaure ta a fata tana tayar da bororo kamar ƙunar wuta. Kanwa, da toka, da gishiri, da goge fuska da sukari ko dakakken ɓawon ƙwai, duk hanya ɗaya suke bi. Akwai masu fasa kafso su barbaɗa garin a kan ƙurji. Garin neman gira, in ji Bahaushe, a rasa ido.

To me ya rage na gida da za a iya yi da kwanciyar hankali? Na farko wanka ne mai sauƙi: sau biyu a rana, da kuma bayan an yi zufa sosai, da tafin hannu da ruwan da ba shi da zafi, ba soso, ba dirza. A tsane da tawul mai tsabta, kada a goge. Sabulun salo, wanda kakanninmu ke dafawa da toka da mai, yana cire maiƙo ƙwarai, amma yana da kaifi. A murza shi a hannu a yi amfani da kumfar kawai, a ɗauraye nan take. In bayan wanka fuska ta ɗaure kamar za ta tsage, ya yi yawa, a rage. Kuma a nemi tsantsarsa, domin na kasuwa da yawa an cakuɗa shi da abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Ƙurji mai zurfi mai zogi kuwa, a jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi a ɗora minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a bar shi ya nuna don kansa. Man kwakwa da man koko suna saurin toshe ramukan fuska. Man kaɗanya abin alfaharinmu ne a jiki da kaushi, amma a fuska mai maiƙo ɗan kaɗan ya isa, in ma ana bukata. Sai inuwa: rana na ƙara wa tabo baƙi, don haka lema da malafa da man kariyar rana ga mai hali suna cikin magani.

A cikin tsirrai, wanda ya fi samun shaidar gwaji shi ne man wani itace na Ostareliya da ake kira ti-tiri. A 1990 aka gwada shi a can a kan mutum 124, aka haɗa shi gasa da maganin kemis da aka saba. Duka biyun sun rage ƙuraje. Na itacen ya fi jinkiri, amma bai kai ɗayan busar da fata da sa ƙaiƙayi ba. Sai dai wanda aka gwada an sirka shi ne zuwa kashi 5 cikin 100. Tsantsarsa na ƙona fata, shan sa kuma guba ne, a nisanta shi da yara. Alobera, wadda ake dasawa a tukunya a gidaje da yawa, tana sanyaya fata. A wani gwaji a Iran a 2014, mutum 60, an ga waɗanda suka haɗa ta da maganin likita sun fi samun sauƙi kan waɗanda suka shafa maganin kaɗai. A yi amfani da farin ruwan ciki mai yauƙi, a wanke rawayan da ke fita daga ɓawo. Zuma tana da daraja a wurinmu, kuma asibitoci na amfani da tatacciyarta wajen ɗaure gyambo. Amma da aka gwada ta a kan ƙurajen fuska a Niyu Zilan a 2016, mutum 136, ba ta nuna bambancin a-zo-a-gani ba. Mai son shafawa ya shafa in ta gaskiya ce, tana da taushi, ba ta cutarwa, amma kada ya jingina da ita kaɗai. Darbejiya da kurkum an ga suna kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, gwajinsu a fuskar mutane kuma ƙanana ne. Duk wanda za a gwada, a fara ɗiga shi a cikin hannu a jira kwana biyu, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne haɗin da ake sayar wa 'yan mata a robobi marasa rubutu, ana ce musu na itatuwa ne zalla, babu kemikal. Ku tambayi wadda ta taɓa ganin yadda ake yin irin wannan. Roba ce babba, a zuba man kaɗanya da man karas don launi da ƙamshi, sannan a ɗauko 'yan tub-tub ɗin nan na kemis guda uku ko huɗu a matse su tas a ciki, a juya da cokali. Abin da ke cikin tub ɗin sitiroyid ne mai ƙarfi, wanda likita ke rubutawa na 'yan kwanaki don wasu cututtukan fata daban. Makon farko sai murna: kumburi ya faɗa, fuska ta yi haske, ƙawaye na tambaya. Bayan wata biyu ko uku fata ta yi siriri, jijiyoyi sun bayyana, gashi ya tsiro a kumatu, nankarwa ta fito, sannan ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya su rufe fuskar gaba ɗaya. In ta daina, fuska ta ɗau zafi ta yi ja, sai ta koma ta sake saye, mai haɗin kuma ta ce jikinki ne bai saba ba, ga mai ƙarfi. Wasu haɗin akwai haidirokwinon, wanda in aka daɗe a kansa yake barin baƙin tabo mai kauri a kan ƙashin kumatu da wuya ya fita. Wasu akwai zaiba, mai lalata ƙoda. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara haske, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Da yawa daga cikin 'yan matan nan ba fari suka fita nema ba. Tabon ƙurji guda biyu suka je cirewa, aka ɗora su a hanyar.

Amare ma ina da magana da iyayensu. Saura mako biyu biki sai a kai yarinya gyaran jiki, a ce a fitar da ƙurajen kafin ranar kamu. Dilka da kurkum da turare al'ada ce mai kyau a jiki, amma murza fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje ƙara mata rauni ne, kuma duk abin da zai share fuska cikin mako biyu, ku tambayi abin da ke ciki. In ana son amarya ta fito da fuska lafiya, tun da aka sa rana ake farawa, wata uku kafin biki.

Kada kuma mu gina katanga tsakanin na gida da na asibiti. Wani maganin da ake samu a kemis ma daga tsiro aka fara gano danginsa. Salisilik asid, da ke cikin sabulan wanke fuska, asalin iliminsa daga ɓawon wata bishiya ne. Azelayik asid, mai rage ƙurji da tabo a tare, ana samun irinsa a alkama da sha'ir. Akwai benzoyil feroksaid mai kashe ƙwayar nan ta cikin rami, kuma mai kashi 2.5 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10 ba tare da ya gasa fata ba, sai dai yana kore launin tawul da rigar filo. Akwai adafalin mai buɗe toshewar, da daddare ake shafa shi, ɗan mitsitsi, mai juna biyu kuma ba ta amfani da shi. Ƙwayoyin kashe bakteriya irin su doksisaikilin na likita ne, na ɗan lokaci, ba a saya a yi ta sha wata da watanni.

Yaushe za a daina gwaji a gida? Idan ƙurajen manya ne masu zurfi da zogi, idan sun fara barin rami ko tudu, idan an yi wata uku ana kula yadda ya kamata babu sauyi, ko kuma yaro ya fara ƙin makaranta da shiga mutane saboda su, lokacin likita ya yi, kuma jinkiri a nan tabo ne na har abada. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin fata, babban asibitin da ke kusa da ku kuma zai iya tura ku. Akwai magani mai ƙarfi, aisotiretinoyin, da ake amfani da shi tun 1982, yana kawar da ƙuraje masu tsanani a wajen mutane da yawa, amma yana nakasa jariri a ciki mummunar nakasa, don haka matar da ke da ciki ko take sa ran samu ba ta kusantarsa, kuma ba a karɓar ragowar na ƙawa. Wadda ta daɗe a kan man haɗi kada ta watsar da shi dare ɗaya, likita zai nuna mata yadda za ta janye a hankali, ya kuma gaya mata tun farko cewa fuskar za ta tayar na 'yan makonni kafin ta kwanta. Ranar zuwa asibiti, ki tattara duk abin da kike shafawa da wanda kike sha, roba da tub da sabulu da ƙwaya, ki zuba a leda ki tafi da su, ki faɗi tsawon lokacin da kika yi a kan kowanne. Da wannan ledar likita zai san daga inda zai fara.